Kwalbar da Na Ɓoye a Akwatin Zare

Shiru ne laifina. Ba shirun kunya ba, ba na ladabi ba. Shirun da mutum ke yi yana kallo ana ɗora wa wani kayan da shi ya ɗaure da hannunsa. Wadda ta shigo nan don ta ji labarin da za a rarrashi yarinya a share mata hawaye, ta yi gaba, ban cancanci wannan ba. Sauran ku zauna ku ji.

Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana har yau da nake da shekara talatin da ɗaya. Ina aiki a wani ɗakin bincike, hawa na biyu, ƙofar ƙarshe. A jikin ƙofar an liƙa takarda da jan rubutu: ba a shiga da abinci, ba a shiga da man shafawa mai ƙamshi, ba a shiga da turare. Ku riƙe na ƙarshen nan.

Ran da Inna ta tsare ni ta ce in faɗa mata aikin da nake fita dominsa kullum, na ce, "Tankaɗe muke yi, Inna."

"Tankaɗen me?"

"Iska."

Ta jingine tsintsiya ta dube ni sama da ƙasa. "Shekara goma sha bakwai ina wanke miki kayan makaranta don ki je ki tankaɗe iska?"

To gaskiyar ke nan. Iskar da ke tashi daga ramin ruɓaɓɓiyar shara iri biyu ce a cakuɗe. Ɗaya tana ci da wuta, a yi girki da ita. Ɗaya kuwa kashe wuta take yi. Mu rariyar da ke raba su muke ƙerawa. Zare ne na roba, siriri, mai rami a tsakiya kamar tsinken shan lemo. Ni ke jan sa, in wanke, in shanya. Sai a sa shi a tanderun da aka kore wa iskar shaƙa, a gasa a hankali har ya koma baƙi ƙirin, gawayi zalla. A bangon zaren nan akwai ƙofofi. Ku tsaga gashin kai gida dubu ɗari, kashi ɗaya ya fi ƙofar nan faɗi. Mai kashe wuta ta fi sirantaka, sai ta sulale ta ƙofofin ta fita, mai ci da wuta ta rage a ciki tsaf.

Amma gawayi makwaɗaici ne. Duk abin da ya gifta kusa da shi sai ya tsotsa, danshi ne ko ƙamshi. In ya tsotsa, ƙofofin sun toshe, rariya ta zama bango. Shi ya sa gasasshen zare ba ya kwana a fili. Akwatin ƙarfe gare shi mai ƙofar gilashi, a cika da busasshiyar iska marar komai a rufe. Makullin akwatin yana wuyana, a jikin koren zare. Farfesa, shugabar ɗakin, ita ta rataya mini shi da hannunta, kuma babu maƙwabciyar da Inna ba ta ba wannan labarin ba.

Mai gasa zaren, Mai Tanderu muke ce masa. Dogo ne, mai ƙarancin magana, da tabon ƙuna a yatsunsa biyu na dama. Yana da littafi mai baƙin bango inda yake rubuta zafin tanderu kowane rabin awa, da ƙaramin rubutu kamar jerin tururuwa. Shi yake kirana Mai Zare. Da azahar mukan zauna a matakalar baya, shi a ta huɗu, ni a ta shida, fulas ɗinsa na shayi a ta biyar. Shayin ba sukari.

"Wannan shayin horo ne ko magani?" na taɓa ce masa.

"Duka biyun. Ki shanye, akwai saura."

Shekara biyu muna haka, bai taɓa ce mini yana sona ba. Abin da ya ce, ran da muka fitar da zubin zare na ƙarshe daga tanderu, wanda muka yi wata bakwai muna nema, shi ne: "Mai Zare, in wannan zubin ya yi kyau, akwai maganar da nake so in kai gidanku." Idonsa yana kan murfin fulas. Na ce, "Wace magana?" Ya ce, "Ta tanderu." Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.

A gida kuwa wata wutar ake hurawa. Yayata ta kawo abokin mijinta, lauya ne, mai farar mota da agogo mai nauyi. Ba mugu ba ne, kada ku ɗauka zan ɓata shi. Yana gaishe da Inna a durƙushe, yana kuma turo saƙo sau uku a rana kamar shan magani.

"Auta, kin kusa komawa gawayin da kike gasawa," in ji Yaya, tana zaune a bakin gadona tana jujjuya kayan shafata. "Mace ba ƙamshi ba komai, kamar allon wanki. Mutum kamar Lauya yana binki kina wani jan aji."

"Wurin aikinmu ba a sa turare."

"To wurin aikin ne zai aure ki?"

"Ke kuma bakinki ba ya zuwa hutu," Inna ta ce daga tsakar gida. Amma ba ta ce Yaya ta yi ƙarya ba. Ni kuma ban taɓa ambata musu matakalar baya ba. Na bar Lauya yana zuwa don a bar ni in sha iska, ina jiran zubi ya yi kyau. Wannan ma shiru ne, yanzu na gane.

Ranar Juma'a da rana saƙon Lauya ya shigo: "Ina bakin get. Minti biyu kawai." Na sauka da farar rigar aiki a jikina. Ya miƙo mini kwalba ta tagar mota, 'yar gajera mai faɗin kafaɗa, da siririn ƙyalle ruwan zinariya a ɗaure a wuyanta.

"Daga tafiya na kawo miki. Buɗe ki ji."

Na murza murfin na shinshina. Mai nauyi ne, irin wanda ke kwana uku a mayafi. Ina mayar da murfin agogon wayata ya buga, lokacin duba akwati ya yi. Na jefa kwalbar a aljihun riga na hau da gudu. Jakata tana can ɗakin ajiya a ɗaya ƙarshen baranda, na ce bari in duba in dawo.

Na buɗe akwatin ke nan na ji takun Farfesa, da muryoyin baƙi biyu, mutanen kamfanin shara da ke jiran rariyarmu. Farfesa mace ce da ta taɓa korar ɗaliba daga ɗakin nan saboda man hannu mai ƙamshin lemo. Aljihuna ya yi tulu. Ƙofar da ta fi kusa da hannuna ita ce ta akwatin. Na tura kwalbar bayan farantin zare na ƙasa, ta kwanta a gefenta, na rufe, na cika iska, na murɗa makulli.

"Ga 'yar amanata," Farfesa ta ce wa baƙin. "Zare ɗari biyu da arba'in ke cikin nan, kuma ko ƙuda bai isa ya gaishe su ba sai da izininta."

Na yi murmushi. Aka ja ni ofis don in bayyana musu lissafin gwaji, aka daɗe, aka tashi aiki muna can. Farfesa ta kulle ɗakin da kanta muka sauko tare. Na ce a raina kwalba a rufe take, me zai faru zuwa Litinin?

Ranar Litinin na riga kowa zuwa, mai gadi yana buɗe ɗakin na shige. Ina buɗe akwatin ƙamshi ya mare ni. Murfin ban murɗa shi ya kai ba. Rabin turaren ya tsiyaye a ƙasan akwati, kwana biyu da rabi zare yana sha a rufe. Na zare kwalbar, na goge, na wanke da giyar goge kayan aiki, na kora iska sau biyar, na buɗe tagogi duka.

Mai Tanderu ya shigo da littafinsa a hammata. Ya tsaya a bakin ƙofa. Na ga hancinsa ya motsa.

"Ina kwana, Mai Zare. Yau zafi kike ji?"

"Ɗakin ne ya yi wari."

Ya dubi tagogin, ya dubi akwatin. Ya sunkuya kamar zai gyara igiyar takalmi, ya miƙe, ya wuce wurin tanderunsa. Kafin Farfesa ta iso wajen goma, iska ta share ɗakin.

Talata aka yi gwaji. Na ɗaura zare goma a na'ura, aka tura cakuɗaɗɗiyar iska. Allurar da ya kamata ta haura ta tsaya a ƙasa, ko kashi ɗaya cikin huɗu ba ta kai ba. Aka canza wasu goma. Haka. Farfesa ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur, abin da ba ta yi sai rai ya ɓaci.

"Ƙofofin sun tsuke," ta ce. "Abu biyu ke kawo haka. Ko zare ya sha wani abu a ajiya, ko wuta ta yi masa yawa." Ta juyo gare ni. "Akwatinki lafiya?"

Ku ji, minti ɗaya ne kawai. Ba a sa mini wuƙa a wuya ba. Na tuna ɗalibar man hannu, na tuna Inna da maƙwabtanta, na tuna "'yar amanata" a gaban baƙi.

"Lafiya lau, Farfesa."

"To saura tanderu."

"Tanderuna bai wuce ba," in ji shi, a hankali. Ya buɗe littafin. "Ga shi nan, rabin awa rabin awa."

"Abin da ma'auni ya faɗa maka ka rubuta. In ma'aunin ya karkace fa? Wa ke da alhakin duba shi?"

"Ni ne."

"To." Ta sa aka liƙa takarda a ƙofar tanderu, kada a kunna sai masu gyara sun zo. Ta ce ranar Alhamis za a karya wasu a duba, sauran a zubar, don zaren da wuta ta cinye ba shi da magani.

Bai dube ni da zargi ba. Da ya yi, da na ji sauƙi. Kallo ɗaya ya yi mini, irin na mutumin da ke jira a tashar mota.

Da azahar ban fita matakala ba. Na zauna a ɗakin ajiya tsakanin rigunan mutane. Saƙonsa ya shigo:

"Mai Zare, zaren da ya sha ƙamshi bai mutu ba. Ɗumi kaɗan na kwana biyu cikin busasshiyar iska, zai amayar da mafi yawansa. Amma tanderu a rufe yake, makullin akwati kuma ba a wuyana yake ba. Ban ga komai da idona ba, ba zan faɗi abin da ban gani ba. Akwai yau, akwai gobe."

Na rubuta "Ni ce." Na goge. Na rubuta "Ka yi haƙuri." Na goge. Ƙarshe na tura masa, "Allah ya kawo mafita." Ku dubi rashin kunya.

Da yamma Lauya ya zo. Muna zaune a falo, shi a doguwar kujera, ni a ƙarama, Inna ta bar ƙofa a buɗe tana tsintar shinkafa a waje. Na ba shi labarin ƙasa-ƙasa, don cikina ya kasa riƙewa.

"Wani ya gan ki?"

"A'a."

"Kyamara fa?"

"Babu a ɗakin."

Ya buɗe hannuwa yana murmushi. "To ina matsalar? Abin da ba a gani ba, ba a amsa shi. Kullum haka nake gaya wa masu zuwa ofishina. Shi ma'aikacin, faɗa za a yi masa ya wuce. Ke kuwa sunanki ne. Kin san Asabar manyana za su zo gaishe da Inna."

Ban ce ya faɗi daidai ba. Amma na ji daɗi da ya faɗa, don abin da nake so in ji ke nan. Kada wanda ya ɗora masa laifina. Shawara ya bayar, ni na ɗauka.

Da ya tafi Inna ta ce, ba tare da ta ɗaga kai daga faranti ba, "Auta, tun jiya kike tafiya kamar wadda ta haɗiyi allura."

"Gajiya ce, Inna."

"Na haifi biyar. Na san gajiya."

Laraba ta zo ta wuce. Sau uku ina zuwa ƙofar ofishin Farfesa, sau uku ina wucewa bayi in wanke hannu. Alhamis da safe ni na buɗe akwatin da makullin wuyana, ni na miƙa farantan ɗaya bayan ɗaya. Zaren gawayi ba ya ƙara in ya karye, 'yar ƙaramar tsit kawai. Mai Tanderu yana tsaye ya harɗe hannu a baya. Ni na ja su, shi ya gasa su, mu biyu muka tsaya ana juye su a kwandon shara.

Ba faɗa aka yi masa ya wuce ba. Mutanen kamfanin shara suka ce ba za su ƙara jiran wata bakwai ba, suka koma wani wuri. Na sama suka nemi wanda za a nuna, Farfesa ta ba da sunan da ke hannunta. Wa'adin aikinsa yana ƙarewa ƙarshen wata, aka ce ba za a sabunta ba.

Ranar da zai tafi na ɓuya a ɗakin karatu har aka tashi. Washegari na ja aljihun teburina na ga ambulan. Babu wasiƙa a ciki. Siririn ƙyalle ne ruwan zinariya, wanda ke wuyan kwalbar. Shi ya tsinta ranar Litinin da ya sunkuya gyara takalmi. Sati uku yana aljihunsa. Da ya ajiye shi a teburin Farfesa, ko kalma ɗaya bai buƙaci ƙarawa ba. Ya riƙe, yana jira in faɗa da bakina.

Na shinshina shi. Ƙamshin yana nan.

Bayan sati biyu masu gyara suka zo suka auna tanderu. Ma'auni daidai yake, ko ɗigo bai karkace ba. Farfesa ta zauna da takardar a hannu tana juyawa, fuskarta ta faɗa. A ranar na koma gida na durƙusa gaban Inna na kwashe komai na faɗa mata, har matakalar baya, har shayi marar sukari.

Ba ta yi ihu ba. Tambaya ta yi mini.

"Yaron nan yana da uwa?"

"Yana da ita."

"To ita ma ta ba maƙwabtanta labarin ɗanta." Ta miƙe ta kakkaɓe zani. "Kwalba haɗari ce, kowa na iya yi. Ta ranar Talata kuwa ba haɗari ba ce. Gobe ki sa mayafinki ki je ki faɗa. Kada ki dawo mini gida da makullin nan a wuya."

Na je. Na ajiye ƙyallen da makullin a kan teburin Farfesa na yi bayani a tsaye. Ta saurara har ƙarshe. Ta cire tabarau.

"Da Laraba kika faɗa," ta ce, "kwana biyu sun ishe mu. Da na yi miki faɗa, na karɓe makullin wata guda, shi ke nan. Kin ɗauka ban taɓa fasa komai ba a shekara talatin?"

A gabana ta kira Mai Tanderu. Na ji muryarsa ƙasa-ƙasa ta cikin wayar. Ta ba shi haƙuri, ta ce ya dawo, za ta rubuta wa na sama da hannunta ta wanke shi. Ya gode. Ya ce takardar wankewar yana so, amma ya riga ya kama aiki a masana'antar tangaran a wani gari, ya kwashe mahaifiyarsa sun koma. Farfesa ta ce, "Ga ta nan, ko za ka yi magana da ita?" Ya ce, "A gaishe ta."

Ba a kore ni ba. An mayar da ni ɗakin wanke kwalabe a hawa na ƙasa, inda taga ɗaya ce, tana kallon bangon gareji. Lauya da ya ji na je na faɗa, ya ce, "Na ba ki shawara kyauta kin watsar." Saƙonsa ya koma ɗaya a rana, ya koma ɗaya a mako, ya ɗauke. Yaya ta yi fushin kwana goma. Ni ko a jikina, ba shi nake nema a waya ba.

Na rubuta wa Mai Tanderu doguwar wasiƙa ta waya, wadda ya kamata in rubuta da kalma biyu tun ranar Talata. Ya karanta, alamar ta nuna. Bayan kwana huɗu amsa ta zo:

"Na yafe miki tun ranar. Amma maganar da na ce zan kai gidanku, ta zubin nan ce, kuma kin ga inda aka juye shi. Ki riƙa murɗa murfi ya kai."

Har yanzu da azahar nakan hau matakalar baya. Ina zama a ta shida. Na sayi fulas, ina yin shayin ba sukari, har yau ban saba da shi ba.

Ga abin da minti ɗaya na shiru ya ci mini, in akwai mai son ta ji a jere. Zare ɗari biyu da arba'in. Wata bakwai na aikin mutum shida. Makullin da aka rataya mini a wuya. Labarin da Inna ke ba maƙwabta, yanzu in an tambaye ta aikina sai ta ce, "Tana nan." Da mutum ɗaya, wanda ya riƙe shaidar da za ta wanke shi sati uku a aljihu don kada ya kunyata ni.

Kwalbar tana kan tagar ɗakina, rabinta da ya rage. Inna ta ce in zubar. Na ce a bar ta inda zan riƙa ganinta.